Mun kwana da garwashi a ɗaki mun tashi da ciwon kai da jiri, meye ya same mu?

Assalamu alaikum ƴan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Shekaranjiya sanyin hunturun nan ya matsa mana, sai na hura gawayi a kasko na shigar ɗaki, na rufe taga na toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda yarinyata ƴar shekara 3 tana mura. Wajen ƙarfe 3 na dare na farka kaina kamar ana sara da gatari, na miƙe ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, yarinyar tayi amai sau biyu, wallahi da rarrafe na kai bakin ƙofa. Surukata tace gamo muka yi, maƙwabciya ta bamu madara da manja. Abinda ya ɗaure min kai, garwashin ya gama ruruwa babu hayaƙi ko kaɗan, kuma numfashina bai sarƙe ba. Ta yaya mutum yana numfashi lafiya lau kuma ace iska ce ta cutar da shi? Har yau kan bai sake ni ba.

Wata nas:
Ƴar uwa ki ajiye wayar nan ki ɗauki yarinyar ku tafi asibiti yau, ki faɗa musu da garwashi kuka kwana. Alamun gubar kabon monoksaid ne kika lissafa, wata iska ce da garwashi ke fitarwa, bata da wari bata da launi. Madara da manja basa fitar da ita, oksijin ake sawa mutum. Kuma ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa a auna oksijin zai iya nuna kashi 98 alhali jinin cike yake da gubar, don baya bambance ta da oksijin, kar wannan ya kwantar miki da hankali.

Malamin bayoloji:
Hajiya ki bi maganar sista tukuna. Amsar tambayarki kuma, numfashi hawa biyu ne. Na farko wanda kike ji a ƙirji, iska ta shiga huhu, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, ya ratsa ƙananan jakunkunan huhu ya shiga jini, himogulobin dake cikin jajayen ƙwayoyin jini ya goya shi ya zaga dashi jiki. Na biyun shine ainihin aikin, can cikin ƙwayoyin halitta a wani ɗan sashe da ake kira maitokondiriya, nan ake haɗa oksijin ɗin da sukarin da ya fito daga tuwon da kika ci a samu ƙarfi, a fitar da ruwa da kabon dayoksaid ki fesar dashi waje. To gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki baya ƙonewa sarai, sai ya riƙa fitar da monoksaid, shi kuma yafi oksijin kama himogulobin sama da sau 200. Kinga ƙirji na hawa na sauka amma jinin ya ɗauko kayan da ba nashi ba, ƙwayoyin jiki na can suna jira. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan kashi 20 na oksijin ɗin jiki, shiyasa ita ta fara kuka da ciwon kai da jiri. Rashin jin sarƙewa kuwa, abinda yafi sa mutum haki shine taruwar dayoksaid a jini, ke kuma kina fitar da naki daidai, sai jiki bai yi miki ƙararrawa ba. Haka mutane ke wucewa cikin barci, Allah ya kiyaye.

Uwar biyu:
Innalillahi, ni kullum haka nake yi in nayi jego, ashe ganganci ne. To in an bar taga a buɗe fa?

Wata nas:
Anti kar a kwana dashi sam. A bar kaskon a waje, a ƙara bargo da safa. Jarirai da masu ciki sun fi saurin kamuwa. Janareto ma haka, kar a tada shi a zaure ko gindin taga.

Mai tambaya:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alkhairi. Na kira babanta yana hanya da adaidaita, kaskon kuma yana tsakar gida tun ɗazu.