"Sabo turken wawa": shin ta hau kan mai waswasi?

Mai shago a Kwari: Assalamu alaikum. Ƙanena yakan kulle shago, ya jijjiga kwaɗo, ya kai bakin titi, sannan ya dawo ya sake jijjigawa, har masu gadi sun san shi da haka. Wani dattijo ya ce masa "sabo turken wawa", tun daga nan jikinsa ya yi sanyi. Shin maganar ta dace da shi?

Malamin zaure: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ba ta dace ba. Ana faɗinta ne ga wanda ya saki jiki da abin da ya saba saboda daɗin da yake ji, kamar mai cin goron da ba ya iya wuni babu shi. Ƙanenka fargaba ce ke mayar da shi, alhali ya fi kowa sanin kwaɗon a kulle yake.

Uwargida daga Zinder: Allah ya gafarta Malam, ni a ganina "hali zanen dutse" ta fi kusa. 'Yar yayata tana maimaita alwala har ruwan buta ya ƙare, yatsunta su yi fari su tsattsage, lokacin salla yana ƙoƙarin fita, kuma shekaru ke nan babu abin da ya sauya.

Malamin zaure: Hajiya, wannan ta fi waccan haɗari, domin tana yanke ƙauna. Malaman Malikiyya ba su ɗauki waswasi zanen dutse ba. A littafin fiƙihu na Ahalari an ce mai waswasi a salla ya watsar da shi daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kansa, sai dai ya yi sujada ba'adi. Da ba ya barin mutum, da ba a umarce shi da haka ba.

Ma'aikaciyar jinya: Abin da Malam ya kawo ya yi daidai da aikin asibiti. Idan maimaitawar tana cin fiye da awa 1 a rana, ko tana hana mutum harkokinsa, likitoci na ɗaukarta lalura. Ana horar da shi ya kulle ƙofa sau ɗaya ya tafi, ya daure wa fargabar har ta lafa da kanta, saboda kowace komawa ƙara mata ƙarfi take yi. Wani lokaci a haɗa da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau (Kano), Barnawa (Kaduna) da Kware (Sakkwato).

Uwargida daga Zinder: Na karɓi gyara game da dutsen, 'yar'uwa. Amma ban saki turken ba, domin wanda bai ga yarinyar nan tsugune gaban buta tana hawaye ba, bai san yadda abin yake ɗaure mutum ba. Wautar ce kawai ban yarda a jingina mata ba.