An ce bututun ƙwaina sun toshe, sai dashe: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. A Daura nake, shekarata 33, aurenmu ya shiga shekara ta 8, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Watan jiya aka yi mini hoton mahaifa a Katsina, likita ya ce bututun nan biyu da ƙwai ke bi duk sun toshe, shi kuwa maigida gwajinsa lafiya lau. Ya ba mu shawarar dashe, wato IVF. Maigida ya yarda, amma Hajiyarsa ta ce ba za a kawo mata "ɗan kwalba" gida ba, wai a inji ake rainonsa kuma ba a san jinin wa ba ne. Maganar ta tsaya mini a rai. Mene ne bambancinsa da cikin da ake samu a ɗaki? Kuma ya halatta?

Anti Nas, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Share hawayenki. Mutane da yawa sun ɗauka a cikin mahaifa ƙwai da maniyyi ke haɗuwa, alhali a cikin bututun nan ne. Ƙwai na fitowa sau ɗaya a wata, bai wuce kwana ɗaya a raye ba, maniyyi kuwa yakan kai kwana 5. In sun haɗu, sai abin ya gangaro mahaifa ya manne cikin kamar mako guda. Ke hanyar ce ta toshe, shi ke nan.

A dashe, za a yi miki allurai na kwana 10 zuwa 12 don ƙwai da yawa su nuna, a zaro su da siririyar allura, a haɗa da maniyyin maigida a ɗakin gwaji. Bayan kwana 3 ko 5 a mayar cikin mahaifarki, lokacin ƙanƙantarsa sai da madubin likita ake ganinsa. Sauran wata tara ɗin nan, laulayi da motsi da naƙuda, duk a jikinki. Louise Brown, wadda aka fara haifa ta haka a Ingila a 1978, ta girma har ta haifi nata ba tare da dashe ba.

Malama daga Daura:
'Yar uwa, malamai sun daɗe da duba wannan. Muftin Masar na lokacin, Shaikh Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawa a 1980, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta zauna a kai a Amman a 1986. Ya halatta in ƙwan naki ne, maniyyin na mijinki ne, auren na nan, kuma cikinki za a mayar. Na wani namiji, ko ƙwan wata, ko aron mahaifa, haramun ne. Tsoron Hajiya kan nasaba yana kan hanya, kar ki ga laifinta. A samu malamin da take jin maganarsa ya zauna da ita.

Maman 'Yan Biyu:
Ni na yi, a Abuja. Karon farko bai kama ba, na yi kuka kamar raina zai fita, ga kuɗin da muka sayar da fili muka haɗa. A na biyu Allah Ya ba mu. Ki shiga da sanin ba kullum yake kamawa ba, kuma kar ki ja lokaci, bayan 35 ƙwai na raguwa. Ki tambaye su yadda suke sa wa naku shaida don kar ya cakuɗe da na wasu, da guda nawa za su mayar, don cikin tagwaye akwai wahala, nawa bakwaini suka zo.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa maigida, ya ce ranar Juma'a zai je wa Hajiya tare da Kawunsa. Maman 'Yan Biyu, alluran nan a gida kika riƙa yi, ko sai na tare a can?