Jirgina yana ja hagu: joyistik ɗin ne ya lalace ko hannuna ne?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina buga Microsoft Flight Simulator na 2020, wasan tuƙa jirgin sama, a kwamfutar da nake aikin zane da ita. Da farko da kibod nake tuƙi, sai na ga abin ba tsari, ka danna maɓalli jirgi ya kifa kamar an hankaɗe shi. Sai na sayi joyistik na hannu, wato sandar tuƙi, a wurin wani mai kayan gwanjo. Ko kwali babu, sunan da ke jikinsa ma ya goge, amma yana da totur a gindi kuma ana murɗa sandar.

Ga damuwata. Kullum daga filin jirgin Malam Aminu Kano nake tashi, titi na 06, da ƙaramin jirgi Cessna 172. Ina cika totur sai jirgin ya fara zarcewa hagu, kafin in ankara na shiga ciyawa. In Allah ya sa na tashi, hancin ba ya tsayawa wuri guda, sama, ƙasa, sama, ƙasa, har wuyan hannuna ya yi tsami. Burina in bi titin mota daga Kano in sauka Zariya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, amma sau ɗaya tak na taɓa sauka lafiya.

Na tara 'yan kuɗi. Logitech Extreme 3D Pro zan saya, ko Thrustmaster T.16000M, ko in ƙara haƙuri in sayi mai sitiyari irin na ainihin Cessna? Kuɗin da gumi na same su, ba na so in yi sayen da-na-sani.

Injiniyan Kwanar Dawaki:

Wa alaikumus salam. Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Rufe wasan, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta joy.cpl, zaɓi joyistik ɗin ka buɗe shafin gwaji. Za ka ga ɗan gicciye a cikin akwati. Ɗauke hannunka gaba ɗaya ka zuba masa ido. In ya tsaya cak a tsakiya, kayanka lafiya lau. In yana rawar ɗari, ko ya zauna a gefe, to da sauran magana. Haka za ka duba layin murɗawa da na totur, ka kai kowanne ƙarshensa ka ga ko yana cikawa.

Sannan ka duba ko akwai wani abin wasa a jone, irin hannun Xbox. Wasan yana karɓar umarni daga duk abin da ya gani a lokaci guda. Na taɓa kwana biyu ina zagin joyistik, ashe hannun wasan yarana ne a bayan tebur, littafi ya danne masa sanda.

Baba Mai Fukafuki:

Ɗana, abin da Injiniya ya faɗa ka yi shi, amma ina tabbatar maka ko sabo fil ka ɓare daga leda jirgin nan sai ya ja hagu. Halinsa ne. Farfelar Cessna, in kana zaune a kujerar matuƙi, tana juyawa ne irin juyin agogo. Iskar da take turawa baya tana nannaɗe jikin jirgin kamar rawani, ta je ta bugi wutsiya ta ɓangaren hagu, hanci ya karkata hagu. Ƙarfin juyin injin kuma yana danna tayar hagu a ƙasa. Matuƙin gaske da ƙafar dama yake gyara wannan, yana taka feda. Kai da ba ka da feda, murɗa sandar dama kaɗan ita ce ƙafarka. Kuma kada ka cika totur farat ɗaya, tura shi a hankali cikin daƙiƙa uku ko huɗu, kana ƙara murɗawa gwargwadon yadda yake ja. In gudu ya kai not 55 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) ka ɗan ja sandar baya, ɗan kaɗan, ba fizga ba.

Maganar hanci mai sama da ƙasa kuwa, ban ji ka ambaci tirim ba, kuma ina zargin a nan gizo yake saƙa. Tirim shi ne ke riƙe maka hanci a inda ka ajiye shi, don kada ka yi ta kokawa da sanda. A jirgin gaske nauyin kake ji a hannu, kana juya ɗan faifan tirim har nauyin ya ɓace. A joyistik sifirin ne kawai, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke dawo da sanda, kullum tsakiya yake son komawa, saboda haka dabarar ita ce: ka saita hanci da hannu, ka jira gudu ya zauna, sannan ka riƙa taɓa maɓallin tirim ɗaya-ɗaya kana sassauta hannu har sandar ta dawo tsakiya jirgin bai motsa ba. Sa tirim sama da tirim ƙasa a maɓallai biyu da babban yatsanka ke kaiwa ba tare da ka duba ba. Duk lokacin da ka taɓa totur ko ka sauke falaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa wajen sauka), sai ka sake yin tirim. In za ka sauka, riƙe wajen not 65, ka yi tirim a kan haka tun daga nesa.

Wasan yana da saitin da zai riƙe maka wutsiya wajen tashi. Ni ban ba ka shawarar kunna shi ba, hannu ba ya koyon abin da ake yi masa.

Injiniyan Kwanar Dawaki:

Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: sandar tebur gajeriya ce, motsi kaɗan a hannunka babban motsi ne a fiffike. Shiga saitin sensitibiti, wato yadda wasan ke saurin jin motsin sanda, ka rage na gaba da baya da na gefe zuwa wajen -30, na murɗawa ma ka fi rage shi. Ded zon, wato ɗan filin tsakiya da wasan zai yi biris da shi, kada ya wuce abin da zai kashe rawar. In ka zuba shi da yawa, sai ka motsa sanda shiru, ka ƙara, jirgi ya zabura.

Hajiyar Sama:

Ni dai zan saɓa muku kaɗan, don tambayar saye ya yi. Extreme 3D Pro maɓalli 12 gare shi, yana da sauƙin kuɗi, amma abin da ke auna motsinsa irin na murɗa sautin tsohuwar rediyo ne, abu na gogar abu. Kun san yadda rediyo ke ƙarar ƙwar-ƙwar in ƙura ta shige ta, ga mu kuma da hunturu. T.16000M da maganaɗisu yake auna gaba da baya da gefe, babu gogayya, maɓalli 16, kuma ana juya shi ya koma na bahago. Sai dai murɗawarsa ita ma irin ta rediyon ce, kada a ce ban faɗa ba. In kuɗin sun kai, shi zan ce ka ɗauka.

Sitiyari kuwa ka bar shi yanzu. Ba a murɗa shi, dole sai ka haɗa da feda, ga cin tebur, kai kuma a teburin kake neman abinci. Kowanne ka saya, ka riƙa lulluɓe shi da ɗankwali in ka gama.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma Baba. Jiya da aka kawo wuta na zauna na bi abin ɗaya bayan ɗaya. Gicciyen yana tsaye, ko gezau. Layin murɗawa ne ke ɗan rawa, na sa masa ded zon 6 ya natsu. Babu hannun Xbox, amma Injiniya ka kusa: na tarar maɓallin da nake dannawa da zaton birki ne, tirim ƙasa aka ɗora masa tun farko, ni kuwa ina matsa shi duk lokacin da na tsorata. Wata uku ina tura hancin jirgina ƙasa da hannuna ina zagin mai gwanjo, Allah ya yafe mini.

Na tashi sau biyar, sau huɗu ban taɓa ciyawa ba. Na isa Zariya da yatsa biyu a kan sanda, na sauka da ɗan tsalle guda, amma a kan titi. Hajiya, na ji maganarki, T.16000M ɗin ne a raina, sai dai zan bari wannan ya ƙarasa mutuwa tukuna. Ɗankwali kuma an ba ni aro, da sharaɗi.

Saura abu ɗaya: totur ɗina a juye yake, in na tura gaba injin ya mutu, in na ja baya ya ɗauka. Na saba da shi haka har na daina lura. A ina ake juya shi?

Injiniyan Kwanar Dawaki:

A inda ka ɗora masa layin totur, ƙarƙashinsa akwai ɗan akwatin juya layi. Sa masa alama ka adana saitin da sunanka. Ka yi shi kana ƙasa, birki a ɗaure, don hannunka zai yi kwana biyu yana yin na da.