Neman kalma: wane suna za mu ba "nervous debility" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Masu fassara da ma'aikatan asibiti da ke nan, ku matso kusa. Kalmar da nake so mu tsayar wa suna ita ce "nervous debility", wadda likitoci suka fi sani da "neurasthenia". Wanda ya buɗe tsofaffin jaridun Ingila ko Amurka na ƙarshen ƙarni na 19 zai yi ta cin karo da ita a shafin talla, kuma sau da yawa samari ake yi wa kiran. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne "ciwon rashin kuzari". Amma kafin mu yi gardama, bari mu ga kayan da kalmar ta ɗauko.

Wanda ya yayata sunan neurasthenia wani likita ne na birnin New York, George Beard, a shekarar 1869. A ganinsa kowane mutum yana da iyakar ƙarfin da jijiyoyinsa ke ɗauke da shi, in ya kashe fiye da abin da jiki ke mayarwa sai ya wayi gari a tsiyace. Alamomin da ya lissafa ba su da iyaka: gajiya ba aikin fari ba na baƙi, ciwon kai, rashin barci, faɗuwar gaba, mantuwa, ɓacin ciki, ciwon baya, tsoron shiga mutane. A 1881 ya ɗora laifin a kan zamani, ya ambaci injin tururi, jaridu, wayar tangarahu, kimiyya, da yadda mata suka shiga aikin ƙwaƙwalwa. Matan da aka ce suna da ciwon, wani likitan Philadelphia mai suna Weir Mitchell ya riƙa kwantar da su makonni shida zuwa takwas, ana ɗura musu madara ana yi musu tausa. Maza masu hali kuwa sai a tura su yammacin Amurka su hau doki su yi farauta.

Ɓangaren samari ya girmi Beard, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Tun 1760 wani likitan Suwizalan, Tissot, ya rubuta cewa zubar maniyyi yana cinye jiki da hankali. A shekarun 1830 wani likita, Lallemand na Montpellier a Faransa, ya mayar da zancen cuta mai zaman kanta: wai maniyyi na tsiyayewa ta mafarki, ko ta istimna'i, ko ya bi fitsari ba a sani ba, har saurayi ya lalace. Ku dubi maganin da ya kawo. A zura siririn ƙarfe ta hanyar fitsari har can ciki, a ƙone wurin da sinadarin azurfa mai cin nama. Wasu kuma suka ƙera zobe mai haƙora ta ciki, saurayi ya sa a gabansa in zai kwanta, da zarar jiki ya motsa cikin barci haƙoran su tashe shi. Ga wanka da ruwan ƙanƙara, ga maganin biromaid mai kashe jiki. Duk wannan a kan yaro lafiyayye wanda mafarki kawai ya yi.

Da tsoro ya kama, sai 'yan kasuwa suka shigo. Za a buga ɗan littafi a aika wa saurayi cikin ambulan da ba rubutu a bayansa. Yana karantawa zai ga kansa a ciki, don wane saurayi ne bai taɓa jin kunya ko mantuwa ko kasala ba? A ƙarshen littafin akwai adireshi da farashi. An sayar da ɗamarar lantarki, wato bel mai faranta na tagulla da tutiya da ake jiƙawa da ruwan tsami, ta ɗan tsikari fata, a ce ƙarfi ne ke komawa. Abin ya kai majalisar Ingila ta yi doka a 1889 ta sa tallan nervous debility a sahu ɗaya da tallan maganin tunjere da ciwon sanyi, a matsayin rubutun batsa da ba a liƙawa a titi. Wannan dokar kaɗai ta isa ta nuna mana cewa kalmar fuska biyu gare ta: a ɗakin likita gajiyar jiki da tunani, a shafin talla kuwa sakaya ce ta matsalar gaban namiji.

To, yanzu ga shawarwarin da aka kawo.

Ɗan'uwana da ya ce "raunin jijiya", na san fassarar ta bi kalma da kalma, kuma ita ce za ta fara zuwa bakin kowa. Matsalar ita ce jijiya a Hausa ta yi faɗi. Ta jini jijiya ce, ta agara jijiya ce, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa ma jijiya ce. Kuma akwai mutanen da jijiyarsu ta lalace da gaske, kamar mai ciwon suga da ƙafarsa ke zugi ko ta dushe har ya taka ƙusa bai ji ba. Su suka cancanci wannan suna. Masu neurasthenia kuwa an duba ba a sami komai a jijiyarsu ba, shi ya sa ma sunan ya mutu. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga kundinta a 1980, kuma sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 bai riƙe shi a matsayin cuta mai zaman kanta ba. In muka ce raunin jijiya, mun sa hannu a kan iƙirarin da masu shi suka janye.

Hajiya, "mutuwar jiki" da kika kawo Hausa ce tsantsa, kuma haka marasa lafiya ke faɗa a gaban likita. Sai dai alama ɗaya ce cikin alamomi, mai zazzaɓin cizon sauro ma jikinsa a mace yake. Ga ta kuma maƙwabciyar mutuwar ɓarin jiki, kar mu firgita mutane.

"Kasala" ban yarda da ita ba sam. Kalma ce mai ɗauke da zargi, abin da muke neman tsari da shi a addu'a tare da gajiyawa. Saurayin da ya kasa tashi saboda abin da ke cin zuciyarsa, in ka ce masa mai kasala, ka zama ɗaya da kawunsa da ke zaginsa a gida. "Sanyi" kuma kar ma a fara. Kalmar nan an riga an loda mata kayan da ya fi ƙarfinta.

Malam likita, taka ce ta fi ba ni wahala, da ka ce kawai mu kira shi "ciwon damuwa" tunda yawancin waɗanda aka ce suna da ciwon abin da ke damunsu ke nan. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu yau da damuwa ko fargaba za a ce suna da ita. Amma ba duka ba. A cikin waɗanda aka liƙa wa sunan akwai mai ƙarancin jini, akwai mai tarin fuka da bai bayyana ba, akwai mai matsalar maƙoƙo, akwai kuma wanda lafiyarsa ƙalau, tsoro kawai aka cusa masa. Ciwon damuwa suna ne na cuta da ake ganewa a yi maganinta a yau, mun sha wuya kafin ya zauna a bakin mutane, bai kamata mu haɗa shi da tsohon tarkace ba.

Abin da ya sa na zaɓi "rashin kuzari" shi ne ita ma fuska biyun gare ta a Hausa, ba tare da mun tilasta mata ba. Uwa za ta ce yaron nan ba shi da kuzari, tana nufin ya yi laushi ba ya karatu ba ya cin abinci. Mai maganin da ya kafa lasifika a kan mota a bakin tasha shi ma "rashin kuzari" yake cewa, kuma kowa ya san inda ya dosa. Ku tsaya ku saurare shi wata rana: ciwon baya, ciwon gwiwa, mantuwa, yawan mafarki, ganin fari-fari a ƙarshen fitsari, saurin gajiya. Lissafin nan kusan shi ne na ɗan littafin cikin ambulan. A Indiya ma akwai irinsa, wanda likita N. N. Wig ya raɗa wa suna dhat a 1960. A shekarar ce kuma likita Raymond Prince ya bayyana wani abu makamancinsa a tsakanin ɗaliban kudancin Najeriya, masu kukan zafi ko tafiyar wani abu a ka, da dushewar gani in sun buɗe littafi.

Sai dai ina da sharaɗi, kuma da gaske nake. Duk inda za a rubuta sunan, a haɗa shi da zamaninsa: "abin da likitocin zamanin baya suke kira ciwon rashin kuzari". Kada ya fita tsirara ya zama sabon suna a bakin mai lasifika, ya ce ai har Turawa sun san cutar. In zancen saurayin yau ake yi, a faɗi abin da aka gano: a auna jini da suga, a tambayi barcinsa, a tambaye shi tsakani da Allah ko yana shan tiramol ko kodin, a saurari abin da ke ransa. In damuwa ce ko fargaba, akwai magani da zaman tattaunawa da ƙwararre, ana yi a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato. Mafarki kuwa, wanda ya zauna a makarantar zaure ya san alamar balaga ce, hukuncinsa wanka, kuma likitancin yau bai ga wata illa da yake yi wa ƙashi ko ƙwaƙwalwa ba. Haɗarin yana cikin kwalbar da ba a san abin da aka zuba ba, don an sha samun maganin ƙarfin maza da aka cakuɗa da sinadarin Viagra a ɓoye, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da jini farat ɗaya.

Saura 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ku da kuka yi karatu da Faransanci, kalmar neurasthénie ta daɗe a littattafanku, har ta koma nufin baƙin ciki da ƙunci a bakin mutane. In akwai yadda ma'aikatan likita ke fassara ta ga marasa lafiya a wajenku, ku kawo mu gwada ta da wannan kafin masu ƙamus su rubuta.