Wane suna za mu ba perturbation training da Hausa?

Jama'a, ina neman agajin masu Hausa a baki. Masu aikin gashin ƙashi suna da wani horo da ake yi wa tsofaffi da waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, Turawa na ce masa perturbation training. Ana ɗaura wa mutum ɗamara mai igiya daga sama don kada ya kai ƙasa, sai a fizge shi ta ƙugu, ko a figi bel ɗin injin tafiya ba sanarwa. So ake ƙafa ta koyi tarar jiki kafin ya tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma 'yan sama da 60 ta fi ɗauka.

Wani malami a nan Katsina ya kawo "atisayen daidaito". Malam, a gafarce ni, wannan ya fi dacewa da mai tsayuwa kan ƙafa ɗaya cikin natsuwa. Namu ba-zata ce ransa. In kullum ta dama ake fizgar Baba, kuma da ƙarfi ɗaya, jikinsa zai haddace, ya riƙa shiri tun kafin a taɓa shi. To taɓon damina ko ɗan acaɓa a bakin kasuwa wa suke yi wa sallama? Shi ya sa ake sassauyawa: gaba, baya, gefe, a hankali, da ƙarfi. Tun 1975 masanin koyon motsin jiki Richard Schmidt ya yi bayanin cewa sauya yanayin gwaji na sa jiki ya iya abin da bai taɓa gamuwa da shi ba. A 1979 masu bincike Shea da Morgan suka gwada da aikin hannu: waɗanda aka cakuɗa wa darasi sun fi fama lokacin koyo, amma sun fi riƙewa daga baya.

"Tuntuɓe" ya yi kaɗan, gaba kawai yake kai mutum. "Tangaɗi" kuwa warin maye yake, ba zan faɗa wa Hajiya shi ba.

Wata 'yar uwa daga Daura ta ce "taga-taga", kuma nan na tsaya. Wanda ya yi taga-taga bai faɗi ba tukuna, yana tsakanin tafiya da cijewa, kuma wannan tsakanin ake horarwa. Don haka: horon taga-taga. Tsayawar da ke biyo baya kuma, cijewa.

Saura sunan da za a ba sassauya fizgar. "Cakuɗa salo" nake riƙe da shi, sai dai ya yi mini nauyi a baki. Mutanen Daura, ku sake taimakawa.