Hitocin bango suna zafi, ruwan wanka kuma sanyi ƙalau: ina matsalar take?

Baƙuwar Manchester:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san kan tsofaffin gidajen Ingila ku ba ni shawara.

Muna haya a wani gidan jan bulo irin na jere a Manchester. Boilar gas ce a kicin, tsohuwa, ba irin ta zamani da ke dafa ruwa nan take da zarar an buɗe famfo ba. A sama, cikin wani ɗan kabad kusa da banɗaki, akwai tankin jan ƙarfe sanye da jar riga, bututai sun kewaye shi ta ko'ina. An ce akwai wani tankin a cikin rufi, amma ban taɓa hawa na gani ba.

Tun makon jiya ruwan zafi ya ɗauke. Famfon bai daina zuba ba, yana zuba yadda ya saba, sai dai ruwan sanyi ƙalau. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hitocin bango duk suna aiki, na falo ma ba a iya ɗora masa hannu. To in boilar ce ta lalace, me ke dumama su?

Baban yara ya yi tafiya Kano. Da butar lantarki nake dafa ruwa in hau da shi bene a bokiti kafin su tafi makaranta, alwalar asuba kuwa sai dai a yi ta maza. Na kira ejan gidan, ya ce za a turo mai gyara. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Ɗan Gwammaja:

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, fara duba agogon boilar tukuna. Layi biyu gare shi, na dumama ɗaki daban, na ruwan zafi daban. In an ɗan ɗauke wuta, ko yaro ya taɓa, layin ruwan kan iya komawa a kashe. Ki sa shi a kunne dindindin ki gani.

Baƙuwar Manchester:

Na gode Malam. Na duba, 'yar fitilar layin ruwan tana ci. Na kashe na ɗakuna na bar na ruwa kaɗai, boilar ko motsi ba ta yi ba. Ina mayar da na ɗakuna ta kama.

Mai Sifana:

Madalla da wannan gwajin, Hajiya, kin rage mana rabin aiki. Boilarki lafiyarta lau, injin tura ruwanta ma haka, tunda hitoci suna zafi.

Ruwan da boila ke dafawa ba shi ne kike wanka da shi ba. Shi zagaye kawai yake yi: ya bi hitoci, ko ya bi wani murɗaɗɗen bututu da ke cikin tankin nan na jan ƙarfe, ya ba ruwan tankin zafinsa, ya koma. Mai buɗe masa hanyar shiga tankin wani bawul ne mai ɗan akwatin ƙarfe a kansa, da waya a jiki. A cikin akwatin akwai ƙaramin moto. In moton ya buɗe bawul har ƙarshe, sai ya danna wani ɗan makunni, shi ne ke gaya wa boila ta tashi. In moton ya ƙone, ko bawul ya cije, ba ruwan da zai shiga tanki, boila kuma ba wanda ya kira ta.

Ki shiga kabad ɗin ki ƙirga akwatunan. In guda ɗaya ne a kan mahaɗar bututu uku, tsarin daban ne, ki gaya mini. In biyu ne, ki bi wanda bututunsa ya shiga gefen tanki. Ki kunna layukan biyu, ki jira kamar minti 10, ki taɓa bututun kafin bawul da bayansa, a hankali da bayan hannu. Sannan a gefen akwatin akwai ɗan hannu na ƙarfe. In kin tura shi ya tafi sakwaf, bawul a buɗe yake. In kin ji yana turjiya yana son komowa, a rufe yake alhali ya kamata a ce ya buɗe.

Ki kuma duba ma'aunin zafi da aka ɗaure a jikin tankin, wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa. A kan digiri 60 ya kamata ya tsaya. Mutane kan rage shi don tsimin gas, ko a ture shi garin cusa tawul da zannuwan gado. Ƙasa da haka ba shi da kyau ma ga lafiya, don ƙwayar cutar nan Legionella tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Shi ma in ya mutu, alamarsa ɗaya ce da ta moton, sai mai na'urar gwaji ne zai raba gardama.

Kada ki kwance murfin akwatin, wuta ce mai ƙarfin volt 230 a ciki. Boilar kuwa ba mai buɗe ta sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, wadda ta maye gurbin ta CORGI a 2009. Duk wanda ya zo, ki ce ya nuna miki katinsa.

Hajiyar Leeds:

Ƙanwata, sannu da fama. Su maza sun tafi wajen bawul, ni bokitin nan ne ya tsaya mini a rai, ruwan zafi a kan matakala ga yara suna kai da kawowa. Dubi saman tankin, in kin ga wata hula da waya mai kauri ta fito daga cikinta zuwa wani makunni a bango, to hitar lantarki ce ta ko-ta-kwana. Kunna ta. Yawancinsu kilowat 3 ne, tanki mai lita 120 zai ɗauki awa biyu da ɗoriya kafin ya yi zafi daga sanyi. Tana shan wuta, don haka in ya yi zafi ki kashe.

Batun ejan kuma, daina kira, rubuta. Tura masa imel da kwanan watan da abin ya fara, ki ce akwai ƙananan yara a gidan. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran kayan dumama ɗaki da na ruwan zafi, ba alfarma yake yi miki ba. In ya ci gaba da jan ƙafa, ki kai ƙara sashen kula da gidajen haya na kansul ɗinku, wato ƙaramar hukumarku, ko ki nemi shawarar ƙungiyar Shelter ko ta Citizens Advice, kyauta ne. Kuma kada ki riƙe kuɗin haya don fushi, da shi za su kama ki.

Baƙuwar Manchester:

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Akwatuna biyu ne. Ma'aunin yana kan 60. Bututun kafin bawul zafi zau, bayansa sanyi, ɗan hannun kuma yana turjiya kamar yadda Malam Mai Sifana ya faɗa. Da na tura shi har ƙarshe sai ya maƙale a wani ɗan ƙugiya, nan take na ji ruwa yana ƙugi a cikin tankin, bututun ya ɗau zafi. Da la'asar yara sun yi wanka.

Anti, hitar lantarkin tana nan, makunnin ne ya ɓuya a bayan kwandon wanki. Imel ɗin ma na tura har da hoton bawul ɗin, sai ga amsa wai mai gyara zai zo ranar Alhamis. Tambayata, ko in bar ɗan hannun a maƙale har ya zo?

Mai Sifana:

Kina iya barinsa, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a haka ruwan zai yi zafi ne kawai lokacin da hitocin ɗaki ke aiki, don hannun ba ya kaiwa ga makunnin da ke tada boila. Na biyu ya fi muhimmanci: yanzu ma'aunin tankin ba shi da iko da komai, ruwan zai iya wuce 60 ya kai zafin boilar kanta. Ki rage zafin boilar daga maɓallin gabanta, ki riƙa fara zuba ruwan sanyi a baho, kuma kada yaro ya buɗe famfon zafi shi kaɗai. In mai gyaran ya zo, ki ce ya gwada ma'aunin kafin ya sauya komai. In moton ne, a yawancin bawul ɗin ana cire kan a sa sabo ba tare da an zubar da ruwan bututu ba, aikin da bai kai awa ɗaya ba.