Ruwa na shirin cin kabarin Baba, mu tono shi ko mu bari?

Baban Sadiya: Assalamu alaikum. Shekara 2 ke nan da rasuwar mahaifinmu. Kwazazzabo ya ci gefen maƙabartar garinmu, saura taku huɗu ya kai kabarinsa, ga damina ta kawo kai. Ƙannena sun ce mu ɗauke shi. Inna kuwa da ta ji an ce "tono" sai ta fashe da kuka, ta ce mijinta ba rogo ba ne. Wanda ya taɓa yi ya ba ni shawara, don Allah.

Na Zaure: Allah ya jiƙan Baba. Inna na da gaskiya, kalmar tana da nauyi. Haƙa ana yi wa ƙasa, shi ya sa muke cewa haƙa kabari, haƙa rijiya. Tono kuwa fito da abin da aka rufe ne, daga nan aka samo tona asiri. Larabawa na cewa nabshu, ɓarawon likkafani kuma nabbash. Ka ce mata makwanci za a sauya masa. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya fito da mahaifinsa, shahidin Uhudu, bayan wata 6, ya sake masa kabari shi kaɗai.

Maman Nura: Mu da muka jira! An yi ta cewa a bari a tambayi wane, a bari wane ya dawo daga tafiya. Dare ɗaya ruwa ya zo. Da asuba yayana ya je, babu kabarin yarona, sai rami. Har yau in na ji tsawa ba na barci. Waɗanda suka hana ko gaisuwa ba su zo ba.

Ɗan Borno: Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Mun ga irin wannan a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a 2024.

Auwalu Tela: Masu haƙa dubu 15 muka ba su, da sabon likkafani.

Ɗan Borno: Dubu 15 a ina? Mu sai da muka kashe dubu 60.

Baba Mai Gyaran Kabari: Shekara 30 ina wannan aiki, ban taɓa yanka wa kowa kuɗi ba. Yaro, ka sanar da mai unguwa da liman, a yi da sassafe, mutum kaɗan, a kare da tabarma.

Auwalu Tela: Baba, fatawa ta malamai ce fa.

Maman Nura: Malamin ne zai shiga ramin?

Sani Kwano: Ku dai bi a hankali, garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta.

Na Zaure: Sani, mahaifin mutum ake magana.

Ɗan Borno: Ni abin da ke ci mini rai, wa ya jawo kwazazzabon? Masu ɗibar yashi a gindin maƙabarta. Tamu ma ko katanga babu, awaki ke kwana a kan kaburbura, an yanka gefenta an sayar fuloti.

Baban Sadiya: Wallahi mu ma tifa ce ke shiga kullum. Baba, idan an tarar likkafanin ya ruɓe, yaya ake ɗauka?